Yaron da bakinsa ya yi nauyi: rarrabe kaya na taimaka masa

Duk ɗan kasuwar da ke ratsa gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Injamena ya san ba a zuba haja haka kawai. Mai hatsi ba ya haɗa gero da dawa a buhu ɗaya, mai atamfa kuma ba ya cakuɗa ta da shadda. Wannan rarrabewa da muke yi kullum tana cikin darussan farko da masu gyaran magana, waɗanda Faransanci ke kira ortofonist, suke koya wa yaran da magana ta yi wa nauyi.

Dalili shi ne, yaro ba ya haddace kalmomi ɗai-ɗai, yana ajiye su ne rukuni-rukuni a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ɗan shekara ɗaya da rabi yake kiran tunkiya da jaki da kare duka "akuya": ya gane suna da dangantaka, saura ya gane bambancinsu. Binciken Eleanor Rosch ta Amurka a shekarun 1970 ya nuna yara kan riga sanin suna irin "kare" kafin babban suna irin "dabba". Yaron da ya san mangwaro da lemo da ayaba 'yan gida ɗaya ne, ya fi saurin lalubo kalmar da yake nema.

Masanan kan bi mataki-mataki, kuma da kaya na gaske. Da farko yaro ya haɗa abubuwa iri ɗaya: cokali da cokali, takalmi da takalmi. Sannan a ba shi kwano biyu, ya raba abin ci da abin sawa. Daga nan a jera albasa da tumatir da tattasai da silifa, a tambaye shi wanne ne baƙo. A ƙarshe a ce ya kawo sunayen dabbobi uku da kansa. Minti goma a rana sun isa, da wasa, ba da tsawa ba. Idan ya yi kuskure, a faɗi daidai a wuce.

Wasu iyaye kan zargi yawan harsuna, tun da yaron Injamena yana jin Hausa a gida, Larabcin Chadi a layi, Faransanci a makaranta. Masana sun tabbatar jin harsuna biyu ko uku ba ya jawo nauyin baki. Don haka uwa ta yi wasan da harshen da ta fi iyawa.

Sai dai kafin komai, a duba kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 yara miliyan 34 ne ke fama da matsalar ji, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na irin wannan matsala a yara ana iya kare ta. Sanƙarau da ƙyanda da kunne mai zubar da ruwa suna cikin masu jawo ta. Chadi na cikin ƙasashen da sanƙarau ke addaba, abin da ya sa aka yi gagarumin rigakafi a Injamena da kewaye a Disambar 2011. Yaron da ba ya ji sosai, rarrabe kaya kaɗai ba zai buɗe bakinsa ba.

Masu wannan sana'a ba su da yawa a yankinmu, ko da yake tun 2003 ake horar da su a Lome ta ƙasar Togo. Wannan ya sa nauyin ya fi komawa kan iyaye. Idan yaro ya cika shekara biyu bai haɗa kalmomi biyu ba, irin "ba ni" ko "Baba zo", ko kuma ba ya waiwayawa in an kira shi, kada mu tsaya kan "zai yi in lokaci ya yi". Mu kai shi asibiti a gwada jinsa tun kafin ya isa shiga makaranta.