Ramin da Ƙwallo Ya Bari a Yumɓu

A shekarar 1722 wani malami a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, Willem 's Gravesande, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ko yaro zai iya yi a tsakar gida. Ya shimfiɗa ɗanyen yumɓu, ya riƙa sako masa ƙwallayen tagulla daga sama, wani daga kusa, wani daga nesa, yana auna girman ramin da kowanne ya bari. A lokacin masana na ta kai ruwa rana a kan yadda za a auna ƙarfin abin da ke tafiya. Yumɓun ya ba da amsarsa: idan gudun ƙwallo ya ninka sau biyu, ramin sai ya ninka sau huɗu, idan sau uku ne, sau tara. Bafaranshiya Émilie du Châtelet ta kafa hujja da wannan gwaji a littafinta na 1740. A yau ana kiran abin da suka auna makamashin motsi, kuma lissafinsa shi ne a ninka gudu da kansa, a ninka da nauyin abin, a raba biyu.

Abin lura, gwajin nan bai dogara da ido ba. Ɗalibi makaho zai zura yatsa a ramin ya ji da kansa.

Duk da haka, a makarantu da yawa akan karkatar da makafi daga darasin fiziks tun ba su fara ba. Galibi laifin na allo ne. Malami ya zana tudu da kibiyoyi, ya ce “wannan ya gangaro nan, ya zama wancan”, mai gani ya gane, makaho kuwa an bar shi a baya. Da malamin zai kira kowane abu da sunansa, da rabin matsalar ta kau.

Sauran rabin aikin hannu ne da kunne. A ba ɗalibi ƙarfe mai kilo 1 ya ɗaga shi mita 1: ya taskace masa makamashi kusan jul 9.8, kuma ya ji aikin a dantsensa. Idan ya sake shi, zai isa ƙasa da gudun kusan mita 4.4 a daƙiƙa. Kafin gudun ya ninka biyu sai an sako shi daga mita 4, inda makamashin ya haura jul 39. Wannan dokar ce ta sa motar da ke gudun kilomita 100 take ɗauke da makamashin wadda ke gudun 50 har sau huɗu.

Sai lilo. A ɗaure dutse da igiya a rufi, ɗalibi ya jawo shi zuwa tafin hannunsa, ya saki ba tare da turawa ba, ya bar hannun a wurin. Dutsen zai tafi ya dawo dab da tafin, ba zai taɓa wuce inda ya taso ba. A ƙasan zagayen makamashin duk na motsi ne, a ƙarshensa duk taskatacce ne, jimillar biyun kuma ba ta ƙaruwa. Ɗan giɓin da ke faɗaɗa a kowace dawowa shi ne abin da iska da gugar igiya suka ci, ya koma zafi.

Kunne ma yana aunawa. A gidan tarihin Galileo da ke Florence akwai katako mai gangare da aka jera wa ƙararrawa. Tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa kamar 1, 3, 5, 7, amma ƙwallon da ke gangarowa yana kaɗa su a lokaci daidai wa daida, domin gudunsa ƙaruwa yake yi.

Inda aikin ke da tsauri shi ne rubutu. Ɗigo shida na rubutun makafi na Braille an yi su ne don haruffa, lissafi kuwa yana da lamba a saman lamba. Abraham Nemeth, makahon masanin lissafi ɗan Amurka, ya fitar da tsarin da ke ɗauke da sunansa a 1952 don magance haka. Jadawali kuma akan yi shi da zare da gam, ko a kan takarda mai kumbura, yatsa ya bi layin.

Tun kafin duk wannan, Nicholas Saunderson, wanda agana ta makantar yana ɗan shekara guda, ya hau kujerar farfesan lissafi a Kambirij a 1711, kujerar da Newton ya taɓa zama, yana lissafi da allon da ya ƙera mai ramuka da fil, har ilimin haske yana koyarwa. A Barazil ta yau, Eder Pires de Camargo na Jami'ar UNESP, shi ma makaho, ya daɗe yana bincike a kan koyar da fiziks ga marasa gani, yana horar da malamai. A Najeriya, makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato tana nan tun 1953, kuma kayan darasin makamashi, wato yumɓu, igiya, dutse da ƙararrawa, babu wanda sai an yi odarsa daga waje.