Giya: Daɗin Awa Ɗaya, Wahalar Shekaru

A ƙasar Batsari da Safana ba a kasa giya a kasuwa kamar rogo ko dankali. Tun shekarar 2000 Jihar Katsina take bin Shari'ar Musulunci, wadda ta haramta wa Musulmi sha da sayarwa. Amma giya ba ta ɓace ba. Akwai burkutu da ake dafawa da dawa a ɓoye. Akwai ta kwalba da ake shigowa da ita daga birni. Rashin tsaro a kewayen dajin Rugu ya raba mutane da yawa da gonakinsu. Zaman banza da damuwa kan sa wasu samari su ɗanɗana, wai don su manta. To, giya ba ta maganin damuwa. Ƙara ta take yi.

Ɓarnarta ga jiki

In mutum ya sha giya, takan shiga jini cikin mintoci kaɗan. Hanta ce ke aikin tace ta, kuma a hankali take yi. In sha ya yawaita, sai hanta ta gaji, ta kumbura, daga baya ta ƙanƙance. Ido ya yi rawaya, ciki ya cika da ruwa, wani har aman jini yake yi. Mai ciwon hanta tun farko ya fi kowa shiga haɗari.

Giya tana kawo hawan jini. Tana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji a baki da maƙogwaro da hanta. Mace mai ciki in tana sha, tana iya lalata ƙwaƙwalwar jaririnta. Wanda ya haɗa giya da ƙwaya irin su tramadol, numfashinsa na iya tsayawa yana barci.

Giyar ɓoye kuwa ba a san abin da ke cikinta ba. A shekarar 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600 a duniya.

Ɓarnarta ga gida

Mashayi yakan fara da kuɗin cefane. Daga nan ya buɗe rumbu ya sayar da hatsi tun kafin bazara. Damina ta zo babu kuɗin taki, yara babu na littafi. In mata ta yi magana, sai zagi da duka. Aure da yawa a nan yake mutuwa.

A kan hanya ma haka ne. Giya tana rage gani, tana sa ganganci. Mai babur da ya sha ya ɗauki fasinja zuwa Ruma ko Katsina, ran mutum biyu ya sa a caca.

Mafita

Wanda ya daɗe yana sha sosai, kada ya daina shi kaɗai a ɗaki. Jiki na iya rawa, har ya kai ga farfaɗiya. A kai shi Babban Asibitin Batsari ko asibiti mafi kusa, ma'aikatan lafiya su duba shi.

'Yan'uwa kada su kore shi, don kora na mayar da shi wurin abokan sha. A ja shi a jika, a sama masa sana'a. Iyaye kuma su san abokan 'ya'yansu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.