Biskit ɗin Kirsimeti ba alkama, ba sukari: abubuwa 8 masu ban mamaki

A Turai da Amurka, Disamba watan gasa biskit ne. Sai dai akwai gidajen da lalura ta hana fulawa da sukari shiga kwanon kwaɓinsu, kuma hakan bai hana su shan biki ba.

1. Yunwa ce ta tona asirin alkama. A yunwar da ta afka wa Holan daga 1944 zuwa 1945, likitan yara Willem Dicke ya lura cewa yara masu cutar seliyak sun samu sauƙi da burodi ya yi wuya, ciwon kuma ya tashi da burodin ya dawo. Gulutin na alkama da sha'ir ne ke ɓata musu hanji. Kusan mutum 1 cikin 100 na ɗauke da cutar.

2. Gulutin ne danƙon ƙullu. Da an cire shi, biskit sai ya marmashe a hannu. Shi ya sa ake barbaɗa ɗan garin zantan, wanda ƙwayar bakteriya ke samarwa. Shi dai wannan zantan, da shi ake kaurara lakar haƙar rijiyar mai.

3. Jamusawa sun daɗe da nasu. Zimtsterne, biskit mai siffar tauraro, da niƙaƙƙen almon, farin ƙwai, kirfa da sukari ake yin sa. Ko ƙwayar alkama babu.

4. Rashin gulutin daban, ƙarancin sitaci daban. Garin shinkafa da na rogo ba su da gulutin, amma cike suke da sitaci. Mai ciwon sukari ya kiyaye wannan da kyau.

5. Garin kwakwa akwai shan ruwa. Inda za a zuba fulawa kofi ɗaya, rubu'in kofi ya isa, sannan a ƙara ƙwai.

6. Akwai zaƙi mai sanyi. Iritiritol, madadin sukari, yana sanyaya harshe kamar alawar minti. Ɗan'uwansa zailitol kuwa guba ne ga kare.

7. Tsarin abinci na keto, mai ƙarancin sitaci, magani ne tun asali. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara shi domin masu farfaɗiya, ba masu neman rage ƙiba ba.

8. Muna da namu a gida. Cincin da alkaki 'ya'yan alkama ne, amma gero, dawa, acca da aya duk ba su da gulutin. Ƙuli-ƙuli kuwa, in zallar gyaɗa ce, ya haɗa duka biyun: ba gulutin, sitaci kaɗan.

A dokar Amurka, sai gulutin ya gaza kashi 20 cikin miliyan kafin a rubuta cewa abinci ba ya ɗauke da shi. Don haka mai yi wa mai seliyak biskit ta ware masa rariya da kwano nasa, domin ɓurɓushin fulawa ma na iya tayar da ciwon.