Yadda Sarki Yake Karɓar Baƙon Ƙasa

Yara, in baƙo ya zo gidanku daga Marwa ko daga Yola, me ake yi? Ana amsa sallamarsa, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa. Sai ya sha ya huta tukuna a ji abin da ke tafe da shi. To, ƙasashe ma suna yin baƙi. Shugaban wata ƙasa yakan taso takanas ya ziyarci takwaransa. Mafi girman irin wannan ziyara ita ce wadda ake kira "visite d'État" da Faransanci, watau ziyarar da ƙasa take kai wa ƙasa. Mutum ɗaya ne zai sauko daga jirgi, amma ana karɓarsa kamar dukan mutanen ƙasarsa ne suka zo. In an girmama shi, su aka girmama. In an wulakanta shi, su aka wulakanta.

Wane ne yake gayyatar irin wannan baƙo? Sa'ansa ne kaɗai. Shugaban ƙasa shi yake gayyatar shugaban ƙasa. Ƙasarmu Kamaru jamhuriya ce, saboda haka shugaban ƙasa ne mai masaukin baƙi. Shugaba Ahmadu Ahijo, wanda aka haifa a nan Garwa a 1924, shi ya karɓi shugabannin Faransa biyu, Georges Pompidou a 1971 da Valéry Giscard d'Estaing a 1979. Shugaba Paul Biya kuma ya karɓi François Mitterrand a 1983. Amma akwai ƙasashen da sarki ne shugaban ƙasa, kamar Maroko da Saudiyya da Ingila. A can sarki ne yake aika takardar gayya da sunansa, shi yake tarbar baƙo, shi yake ciyar da shi.

Lamiɗo fa?

A makarantun da nake zagayawa, da na kawo nan sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai mu ma muna da sarki." Gaskiyarsa. Akwai Lamiɗo a Garwa, akwai a Marwa, da Ngaundare, da Rai Buba. Sarautarsu ta girmi ƙasar Kamaru nesa ba kusa ba, don ta samo asali tun zamanin Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, aka kuma sa wa ƙasar Adamawa sunansa. A fadar Lamiɗo za ku ji sarautu irin na Hausa da Barno, kamar Galadima da Kaigama da Sarkin Yaƙi.

Duk da haka Lamiɗo ba shugaban ƙasa ba ne. Dokar da aka yi a 1977 ta kasa sarakunan gargajiya na Kamaru kashi 3, ta kuma ce aikinsu shi ne taimaka wa hukuma wajen kula da jama'a. Lamiɗon Garwa yana cikin kashi na farko. Ba shi da ikon gayyatar shugaban wata ƙasa, ba ya kuma sa hannu a yarjejeniya da sunan Kamaru. Amma in babban baƙo ya zo arewa, akwai abin da Lamiɗo yake da shi wanda babu shi a ofishin gwamna. Yana da dawaki da mahaya, da dogarai masu ja da kore, da kakaki da algaita da tambari. Mahayan sukan jeru can nesa, su sako dawaki a guje, ƙura ta tashi, sai sun zo dab da baƙo su ja linzami su tsaya cak, su ɗaga masu da takubba suna jinjina. Wannan shi ne jahi. Da Faransanci ana ce masa "fantasia". Baƙon da bai saba ba yakan ɗan ja da baya a kujerarsa! Ma'anar jahi kuwa ita ce: ga ƙarfinmu, amma a gabanka mun tsaya.

Hawan daba na 1956

Hawan da aka fi tunawa a wannan yanki namu an yi shi ne a ƙetaren iyaka. A ranar 28 ga Janairu 1956 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila ta sauka Ikko tare da mijinta. A watan Fabrairu ta zo Kaduna, aka yi mata hawan daba. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ne Firimiyan Jihar Arewa a lokacin. Sarakuna suka zo daga larduna da jama'arsu, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana kan gaba. Dawaki dubbai ne suka wuce a gabanta, wasu da lifidi, wasu mahayan da sulke, ga raƙuma, ga makaɗa da mabusa. Ku yi tunanin ciyawa da dawa da ruwan da dawaki dubbai za su ci su sha a gari ɗaya! Kafin ta koma gida ta biya Kano, Sarki Muhammadu Sanusi ya tarbe ta.

Ku lura da abu ɗaya. A 1956 Nijeriya ba ta sami 'yanci ba tukuna. Yola tana hannun Ingila, Garwa tana hannun Faransa. Saboda haka Sarauniya ba baƙuwa daga wata ƙasa ba ce a idon doka, ƙasar da take mulka ta zo dubawa. Kamaru ta sami 'yanci a ranar 1 ga Janairu 1960, Nijeriya kuma a ranar 1 ga Oktoba 1960. Da Sarauniya ta sake zuwa Nijeriya a Disamba 2003, ta zo ne Abuja a matsayin baƙuwar Shugaba Olusegun Obasanjo.

Fadar Kano ta ci gaba da karɓar manyan baƙi. A Janairu 1988 Sarki Ado Bayero ya yi wa Margaret Thatcher hawa. Ita kuwa firayim minista ce, watau shugabar gwamnatin Ingila, ba shugabar ƙasa ba. Kada ku haɗa su, don nan gaba za ku ga amfanin wannan bambanci.

In baƙo ya je Ingila

Yanzu bari mu juya, mu ga yadda ake yi in namu ne ya je can. Shugabannin Nijeriya sun sha zama baƙin Sarauniya a Landan: Janar Yakubu Gowon a Yuni 1973, Alhaji Shehu Shagari a Maris 1981, Janar Ibrahim Babangida a Mayu 1989. Shi Shehu Shagari malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Ya riƙe alli ya tsaya gaban allo kamar malaminku. Ga shi wata rana a cikin keken doki kusa da Sarauniyar Ingila, mutane cike da titi suna kallo.

Ba a yin irin wannan ziyara da yawa. Yawanci sau ɗaya ko sau biyu ne a shekara, kuma ana yin watanni ana shiri. Sarkin Ingila ba ya zaɓen baƙo don kansa. Gwamnati ce take ba shi shawara ta ce wane ya kamata a gayyata, sai ya aika. Sarauta tasa ce, amma mulki yana hannun firayim minista da majalisa.

Ranar zuwa sarki yakan fito da kansa ya tarbi baƙo. Ana kaɗa taken ƙasar baƙon, sojoji su tsaya a layi, baƙon ya bi ta gabansu yana dubawa. Ana kuma buga igwa. Ƙa'idar gaisuwar shugaban ƙasa a duniya ita ce bugu 21. A Landan in an buga a cikin filin sarki sai a ƙara 20. Nawa ke nan? Daga nan sai a shiga keken doki, barade masu hular ƙarfe suna gaba suna baya, har fada. Kun ga ashe ba mu kaɗai muke tarbar baƙo da dawaki ba.

Baƙon yakan sauka a gidan sarki ne, ko Fadar Buckingham da ke Landan, ko Fadar Windsor da ke bayan gari. Wannan shi ne babban girman, don ba a kai shi otal ba, an sa shi a cikin gida. Ana musayar kyauta. Da dare a yi babbar liyafa, mutum fiye da 150 su zauna cin abinci. Ma'aikata sukan yi kwanaki suna jera faranti da cokula da kofuna, har da ma'auni suke auna tazarar da ke tsakanin wurin wannan da na wancan. Sarki ya tashi ya yi jawabi, baƙo ya mayar. Washegari kuwa sai a tuɓe kayan ado a shiga aiki. Baƙon ya tafi wurin firayim minista su tattauna ciniki da tsaro da karatun ɗalibai da sauran abin da ya haɗa ƙasashen. Sarki ya ba da ruwa da tabarma, gwamnati ta ji abin da ke tafe da baƙo.

Sarauniya Elizabeth ta rasu a ranar 8 ga Satumba 2022, bayan shekara 70 a kan gado. Ɗanta Sarki Charles na Uku ya gaje ta. Baƙonsa na farko daga Afirka ya fito, shi ne Shugaba Cyril Ramaphosa na Afirka ta Kudu, a Nuwamba 2022. A Yuli 2025 kuma ya sauki Shugaba Emmanuel Macron na Faransa a Windsor.

Duk wannan hidima ta mece ce?

Wani zai ce ɓarnar kuɗi ce kawai. Ba zan ce ba a kashe kuɗi ba. Akwai kuma wahala. Ina yaro an taɓa fito da mu daga aji tun da hantsi, aka jera mu a bakin titi, kowa da 'yar tutar takarda a hannu. Muka tsaya a rana har azahar ba ruwa. Da motocin baƙon suka zo, kafin mu ɗaga tuta sau uku sun wuce. Shi ya sa nake gaya wa malamai, in za a fitar da yara taryar baƙo a tanadi ruwa da inuwa, a kuma bar ƙanana a aji.

Amma abin da shugabanni suke yi in sun zauna yana iya daɗewa fiye da su. Ga misali daga nan kusa da mu. A ƙarshen Mayu 1975 Shugaba Ahijo ya karɓi Janar Gowon a Marwa. A ranar 1 ga Yuni suka sa hannu a wata takarda wadda ta nuna inda iyakar Kamaru da Nijeriya ta bi a cikin teku, can kudu. Ana kiranta Sanarwar Marwa. Ba a cika wata biyu ba sojoji suka kifar da gwamnatin Gowon, a ranar 29 ga Yuli 1975, yana Kampala wurin taron shugabannin Afirka. Shi ma ya je baƙunci ne.

Bayan haka rigima ta tashi a kan yankin Bakasi, mai kifi da man fetur. Sojojin ƙasashen biyu suka yi arangama, aka rasa rayuka. A 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Hague a ƙasar Holan. Nijeriya ta ce takardar Marwa ba ta ɗaure ta ba, don majalisar sojan da ke mulki a lokacin ba ta tabbatar da ita ba. Kotu ba ta yarda ba. A hukuncin da ta yanke a ranar 10 ga Oktoba 2002 ta ce shugaban ƙasa yana wakiltar ƙasarsa, kuma sa hannun da aka yi a Marwa yarjejeniya ce mai aiki. Ta duba tsofaffin yarjejeniyoyin Turawa kuma, ta ce Bakasi na Kamaru ne. Shugaba Biya da Shugaba Obasanjo suka sake zama a Amurka a Yuni 2006, suka shirya yadda sojoji za su janye ba tare da yaƙi ba. A ranar 14 ga Agusta 2008 Nijeriya ta gama miƙa Bakasi. Shekara 33 ke nan bayan zaman Marwa. Shugaba Ahijo bai ga wannan rana ba, ya rasu a Dakar tun 1989.

Tambayoyi

1. Me ya sa Lamiɗo ba ya gayyatar shugaban wata ƙasa?
2. Sau nawa ake buga igwa a filin sarki a Landan?
3. Mene ne bambancin shugaban ƙasa da shugaban gwamnati a Ingila?
4. Ku nemo Garwa, Marwa, Yola, Kaduna da Bakasi a taswira.
5. Ku tambayi wani tsoho a unguwarku babban baƙon da ya taɓa gani an yi wa jahi, ku rubuta abin da ya gaya muku da Hausa, sa'an nan da Faransanci.