Me Ke Shaƙe Muryar Sahel A Ƙauyukan Gabi?

Tun daga watan Maris na 2025, da sabon kundin sake gina ƙasa ya mayar da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, gardama ta sauka a kan gidan rediyon gwamnati. A fadar matasa da majalisar dattawa, daga Maraɗi har ƙauyukan Gabi da ke bakin iyaka a gundumar Madarunfa, za ka ji ƙorafi iri biyu. Wasu na cewa Muryar Sahel rediyon 'yan boko ce, an yi ta don masu jin Faransanci, shi ya sa ba a damu ta kai ƙauye ba. Wasu kuma, da zarar akwatinsu ya fara shuuu, sai su ce ai toshe ta aka yi daga ƙetare.

Maganar harshe ba ta buƙatar dogon bayani. Gidan da aka buɗe a 1958 da sunan Rediyo Nijar, wanda ya koma Muryar Sahel a 1974, ya daɗe yana magana da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, kuma reshensa na Maraɗi da Hausa yake yawancin hulɗarsa da jama'a. Gaskiya ne manyan labaran da ake haɗowa daga Yamai da Faransanci suke fara fita, kuma wanda ya ce a gyara wannan yana da hujja. Amma ko yau aka wayi gari kowane shiri ya koma Hausa, mutumin da ke cikin kwari shuuu ɗin nan zai ci gaba da ji. Zangon rediyo bai san harshen da ya ɗauko ba.

Batun toshewa shi ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, don yana hana mu duba ainihin ciwon. Mutane sun ga yadda tashar Faransa ta RFI ta yi tsit a farkon watan Agusta na 2023, sai suka ɗauka duk tashar da ta shaƙe, hannun wani ne. Abin da aka yi wa RFI shi ne kashe na'urorin da ke maimaita ta a cikin ƙasa, da umarnin hukuma. Shaƙewar da ake ji a ƙauye kuwa halin FM ne.

Tashoshin FM suna aiki tsakanin 87.5 da 108 a kan akwati, kuma irin wannan zango miƙe yake tafiya, kamar hasken fitila. Ka ajiye fitila a ƙasa tsakar gida, maƙwabcinka ba zai gan ta ba, katanga ta tare. Ka ɗora ta bisa rumbu, unguwa ta gani. Ka kai ta kan hasumiyar masallaci, mai dawowa daga gona ma ya hango. To, amma wanda ya gangara cikin kwari, ko ya shiga ƙarƙashin manyan itatuwa, ko ya yi nisan da doron ƙasa ya shiga tsakaninsa da ita, ko ka ƙara mata mai ninki biyu ba zai gan ta ninki biyu ba. Nan ne masu cewa "a ƙara wa tashar ƙarfi kawai" ke kuskure. Ƙarfi na taimakawa, amma tsawo ya fi shi magana.

Masana suna da lissafinsa. Dogon ƙarfen tasha mai tsawon mita 50 yana hangen abin da bai wuce kilomita 29 ba a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Mai mita 100 yana kai wa wajen kilomita 41. Wato kafin ka ninka nisa sau biyu, sai ka ninka tsawo sau huɗu. Tsawon da mai sauraro yake shi ma yana shiga lissafi: rediyon da ke hannun mutum a tsaye yana ƙara kamar kilomita 6, eriyar da aka ɗaure a kan gora mai mita 9 kuwa tana ƙara kusan 12. Bayan wannan iyaka muryar ba ta yankewa farat ɗaya, raguwa take yi da sauri har ta nutse cikin hayaniya. Yanzu ka tuna yadda ƙasar Gabi take: ga kwarin gulbi, ga dajin Babban Rafi. Ƙauye biyu na iya zama kusa da juna, na kan tudu yana ji raɗau, na gangare yana juya akwati gabas da yamma.

Sai wani ya ce, to yaya aka yi iyayenmu suke kama Kaduna, wadda ta fi Maraɗi nisa nesa ba kusa ba? Rediyon Kaduna, tun kafuwarsa a 1962, a matsakaici da gajeren zango ya yi suna. Waɗannan suna bin doron ƙasa, ko su tashi sama su bugi wani rufin iska mai ɗauke da caji su dawo ƙasa a wuri mai nisa, kuma matsakaicin zango ya fi yin haka da dare. FM ratsa wannan rufi take yi ta wuce. Ga shi yau yawancin matasa a salula suke sauraro, ita kuwa FM kaɗai take kamawa, wayar abin sa wa a kunne ce ma eriyarta.

Akwai inda masu zargin ƙetare suka kusa gaskiya. Idan tashoshin FM biyu suka matsu da juna a kan akwati, rediyo yakan kama mai ƙarfin ya danne ɗayar ɗungurungum. A bakin iyaka, inda Jibiya ke nan kusa kuma tashoshin jihar Katsina ke shigowa, hakan na iya faruwa ba tare da kowa ya yi nufin sharri ba. Don irin wannan ne ƙasashe suka yi yarjejeniyar rabon zangon FM a Janeba a 1984, kuma aikin hukumomin sadarwa na ƙasashen biyu ne su zauna su daidaita. Sannan ga wuta. Yankin Maraɗi ya daɗe yana shan lantarki daga layin Katsina, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke shi a 2023. Na'urar da ba ta da wuta ba ta da murya, komai tsawon ƙarfenta.

Abin da ya sa na damu shi ne wanda ake bari a baya. Gabi na cikin yankunan da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka addaba shekara da shekaru. Mutumin can ya fi na birni buƙatar jin sanarwar gwamna, da ranar rigakafin yara da na dabbobi, da hasashen damina, da cigiyar saniyar da ta ɓace. Idan muryar ƙasarsa ba ta iso shi da kyau ba, saƙon murya na WhatsApp zai cike gurbin, wanda ba a san wa ya faɗa ba. A takarda, jerin garuruwan da ke da tasha yana da kyan gani. Amma ba a ofis ake auna inda murya ta kai ba, sai an ɗauki akwati an bi ƙauye ƙauye, rani da damina.

Mu ma da namu sakacin. Eriya ta karye mun bar ta, alhali tsawon santimita 75 kawai take so. Mun jingina rediyo kusa da caja mai arha ko ƙwan sola mai zuba hayaniya, sannan mu zagi tasha. Kafin ka ce an toshe, ka fita waje, ka ja eriya, ka canza batir, ka gwada a kan tudu.

Sauran aikin na hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, RTN, ne da mahukuntan jihar Maraɗi. A aika ma'aikata su auna ƙauyukan Gabi ɗaya bayan ɗaya, a bayyana wa jama'a sakamakon, duk inda aka tarar da rami a kafa ƙaramar na'urar maimaitawa mai aiki da hasken rana. Wakilan yankin kuma su riƙa tambayar wannan a duk zaman da aka yi da su.