Malamin Ƙauye da Binciken Ajinsa

Akwai wani irin bincike wanda ba ya bukatar ɗakin gwaji ko kuɗi mai yawa. Malami da kansa ne zai lura da abin da ke damun ajinsa, ya rubuta, ya sake dabara, sa'an nan ya auna ya ga ko dabarar ta ci. Wani masani a Amurka, Kurt Lewin, ya bayyana wannan hanya a rubuce cikin 1946. A Jihar Kaduna kuwa, shirin ESSPIN, wanda aka soma cikin 2008 da taimakon Ingila, ya koya wa hedimastoci su riƙa shiga aji suna duban koyarwa, kana su zauna da malami su tattauna.

A ce malamin aji uku a wani ƙauyen Makarfi ko Kudan ya ga yara sun ragu lokacin saran rake da dafa mazarƙwaila, ko a Ikara lokacin tsinkar tumatir. Sai ya bi rajista ta mako huɗu, ya tarar ranar kasuwa ce aji ya fi zama fayau. To, sai ya mai da sabon darasin lissafi ranakun da aji ke cika, ranar kasuwa a yi bita kawai. Ƙarshen zango ya gwada makin yara da na zangon baya.

Amma fa wannan ba ya yiwuwa sai hedimasta ya yarda a taɓa jadawali, ya ba da takarda, wata rana ma ya riƙe wa malamin aji. Abin da ya fi waɗannan duka, kada ya mai da sakamakon abin tuhuma. Cikin 2017 malaman firamare fiye da 21,000 suka faɗi jarrabawar gwamnatin jiha, aka sallame su. Ba abin mamaki ba ne in malami ya ji tsoron rubuta inda ajinsa ya gaza. Wanda ya san za a kama shi da rubutunsa, ƙarya zai rubuta.

Rabon hakimi shi ne abin da ke wajen katangar makaranta. In hedimasta ya kawo lissafin fashin yara unguwa unguwa, malamin hakimi ya kwafa ya ajiye, a kira dagaci da masu unguwa da kwamitin makaranta a karanta musu, a kuma sa ranar da za a sake duban rajistar bayan an gama saran rake.