Haruffa Masu Ƙugiya da Na'urorin Zamani: Jagora ga Malaman Hausa na Makarantun Ƙaramar Hukuma

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba takardun jarrabawar Hausa da ake raba wa yara a makarantun firamare da ƙananan sakandare a ƙarshen zangon karatu, da wuya ya rasa cin karo da ɗayan abubuwa uku. Ko dai ya ga an buga "kasa" inda ake nufin "ƙasa", ko ya ga "qasa", ko kuwa ya tarar da wani ɗan akwati fanko zaune a gurbin harafin. Malamin da ya tsara tambayoyin ya san daidai, kuma daidai ya rubuta da alƙalaminsa. A hanya ne ƙugiyar ta faɗi, watau tsakanin hannun malami da na'urar da ta buga takardar.

Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke jawo haka, sa'an nan ta nuna hanyoyin da malami zai bi ya buga ɓ da ɗ da ƙ da 'y a waya da kwamfuta, da kuma abin da ya kamata Hukumar Ilmi ta Ƙaramar Hukuma ta yi domin makarantunta su bi tafarki ɗaya.

2.0 Muhimmancin Ƙugiya

Ƙugiyar da ke bisa waɗannan haruffa ita ce ke raba kalma da kalma. Alal misali, akwai baki da baƙi, kura da ƙura, kaya da ƙaya, fada da faɗa, sabo da saɓo, yaya da 'ya'ya. Babban mutum da ya ƙware a karatu yakan cike giɓin da kansa, domin ma'anar jimla tana yi masa jagora. Yaron da ke aji biyu ko uku kuwa bai kai nan ba. Abin da idonsa ya gani a takarda shi yake ɗauka ƙa'ida. Idan malami ya koya masa a allo cewa "ƙafa" da ƙugiya ake rubuta ta, sa'an nan takardar jarrabawa, wadda ta fi allo kwarjini a wurin yaro, ta zo masa da "kafa", to an rushe darasin zango guda da takarda guda. Har wa yau, Hausa darasi ce da ake rubutawa a jarrabawar WAEC da NECO, kuma ƙa'idojin rubutu suna cikin abin da ake dubawa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Haruffan nan sun shigo rubutun boko a shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East yake shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ta taimaka wajen sabar da jama'a da su. Tun daga lokacin na'ura take ba marubuci wahala. Tafireta ta Turanci ba ta da su, sai an gama bugu a bi da alƙalami ana lanƙwasa kawunan haruffa ɗaya bayan ɗaya.

3.0 Tushen Matsalar a Kwamfuta

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi yana da lambarsa a cikinta, samfurin haruffa kuwa shi ne rigar da ake sa wa lambar domin ido ya gani. A farkon zuwan kwamfuta, ba a tanadi lambobi ga haruffan Hausa a tsarin da aka fi amfani da shi ba, sai masana suka yi dabara. Suka ƙera samfura na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar a shekarun 1990. Dabarar ita ce a ari gurbin wani harafi ko wata alama da Hausa ba ta bukata, a zana harafi mai ƙugiya a wurin. Wasu samfuran sun ari q da x da v, wasu kuma sun ari alamomin baka da makamantansu.

Lalle wannan dabara ta yi wa Hausa hidima mai yawa, an buga littattafai da kundayen digiri masu ɗimbin yawa da ita. Sai dai tana da aibi guda. Harafin da ido yake gani ƙ ne, amma abin da ke ajiye a cikin na'ura q ne sanye da rigar ƙ. Da zarar an kai takardar wata kwamfuta da ba ta da wannan samfuri, ko aka buɗe ta a waya, sai rigar ta tuɓe, a ga "qasa" da "xaya" da "varawo", ko "}asa" da "]aya".

Maganin abin ya zo daga tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991. A wannan tsari kowane harafi na da lambarsa ta kansa wadda ba ta canzawa ko'ina a duniya. Ga lambobin haruffan Hausa:

ɓ 0253, Ɓ 0181
ɗ 0257, Ɗ 018A
ƙ 0199, Ƙ 0198
ƴ 01B4, Ƴ 01B3

Na ƙarshen shi ne yadda ake rubuta sautin a Jamhuriyar Nijar. A Nijeriya 'y ake rubutawa, watau alamar hamza da y. Harafin da aka buga da lambarsa ta Unicode yana nan a matsayinsa duk inda aka kai shi. Idan aka ga akwati fanko a gurbinsa, samfurin da aka zaɓa ne ba shi da zanen harafin, kuma da an sauya samfuri sai ya bayyana.

4.0 Yadda Ake Bugawa a Waya

Mafi yawan malamai waya suke da ita, kuma nan abin ya fi sauƙi. A wayar Android, allon rubutu na Gboard yana da Hausa a jerin harsunansa. Malami zai shiga saitin allon, ya je wurin harsuna, ya ƙara Hausa. Daga nan, idan ya danne b ko d ko k ya ɗan riƙe, sai mai ƙugiyar ya fito ya zaɓa. Akwai kuma manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, wadda kyauta ce, tana aiki a Android da iPhone da kwamfuta.

Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Na farko, idan allon yana kan Turanci, wayar takan yi karambanin gyara kalmomin Hausa ta mayar da su na Turanci da suka yi kama da su. Saboda haka sai a tabbata an juya allon zuwa Hausa kafin a fara, ko a kashe gyaran da take yi da kanta. Na biyu, saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160, amma da an sa harafi mai ƙugiya ko guda ɗaya sai ya koma 70, domin layin waya ya sauya zuwa wani tsarin da ke cin wuri. Ke nan saƙo ɗaya yana iya zama biyu ko uku, kuɗin ma ya ƙaru. A WhatsApp babu wannan ƙaidi, don haka ya fi dacewa da aika tambayoyi da tsarin darasi.

5.0 Yadda Ake Bugawa a Kwamfuta

Hanya uku ce, kowa sai ya ɗauki wadda ta dace da aikinsa.

Hanya ta farko ita ce ƙara allon Hausa a Windows. Ana shiga saitin harshe a ƙara Hausa. Bayan haka, idan aka riƙe maɓallin Alt na hannun dama aka buga b ko d ko k, sai mai ƙugiya ya fito, idan kuma babban baƙi ake so sai a haɗa da Shift. Maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara shi ke juya allo tsakanin Hausa da Turanci. Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da mai buga takardu da yawa.

Hanya ta biyu ta shafi wanda ya ari kwamfutar da ba tasa ba, bai kuwa son taɓa saitinta. A Microsoft Word, idan aka buga lambar harafi aka danna Alt da X tare, sai lambar ta rikiɗe ta zama harafin. Amma akwai tarko a nan. Lambobin nan suna amfani da haruffan a zuwa f a matsayin alƙaluma, saboda haka wanda yake son rubuta "baƙi", ya buga "ba" sa'an nan 0199, Word na iya haɗa harafin da ya gabata da lambar ta fito da wani abu dabam. Mafita ita ce a sa U+ a gaban lambar, watau U+0199, kafin a danna Alt da X.

Hanya ta uku ita ce amfani da sashen AutoCorrect na Word, inda ake koya wa na'ura ta musanya wani rubutu da wani. Wannan yana da amfani ga kalmomin da ke yawan dawowa a takardun makaranta, kamar a koya mata ta mayar da "dalibi" "ɗalibi", "daya" kuma "ɗaya". Sai dai kada a sa kalmar da ke da abokiya marar ƙugiya, irin su kasa da ƙasa, don na'ura ba ta san wadda ake nufi ba.

Game da 'y kuwa, Word takan ɗauki hamzar farkon kalma tamkar buɗe zance ce, sai ta juya mata fuska. Idan aka danna Ctrl da Z nan take bayan buga hamzar, sai ta koma miƙaƙƙiya.

Wajen zaɓen samfuri, Andika ya fi dacewa da 'yan firamare. Ƙungiyar SIL ta tsara shi musamman don masu koyon karatu, a da g ɗinsa sun yi kama da waɗanda malami yake rubutawa a allo, kuma ƙaramar l da babbar I da lamba 1 ba sa rikicewa da juna. Charis SIL da Noto ma suna ɗauke da haruffan Hausa duka, kuma kyauta ake samunsu.

6.0 Gyaran Tsofaffin Takardu

Makarantu da yawa suna da tarin tambayoyi da bayanan darasi da aka buga da tsohon tsari, kuma ba a bukatar sake buga su daga farko. Don a gane irin takardar da ke hannu, sai a zaɓi rubutun duka a sauya samfurinsa. Idan ƙugiyoyin suka zauna, takardar ta Unicode ce. Idan suka koma q da x da v, ko alamomin baka, ta tsohon tsari ce.

Kafin a taɓa kome sai a ajiye kwafi guda a gefe. Sa'an nan a danna Ctrl da H, akwatin nema da musanyawa ya buɗe, a umurce shi ya bambanta babban baƙi da ƙarami, a musanya harafi shida ɗaya bayan ɗaya: q da ƙ, Q da Ƙ, x da ɗ, X da Ɗ, v da ɓ, V da Ɓ. Bayan an gama, wajibi ne a bi takardar da ido, domin musanyar ba ta da hankali. Sunayen baƙi masu v ko x za su lalace, haka ma lambobin Rumawa da ake jera tambayoyi da su, sai a ga tambaya ta iv ta zama iɓ, ta x kuma ta zama ɗ.

Idan takarda ta kammala za a kai ta shagon bugu, a adana ta a matsayin PDF. Wannan tsari yana tafiya da zanen haruffan a cikinsa, saboda haka abin da malami ya gani a allonsa shi zai fito a takarda, ko da kwamfutar mai shago ba ta da samfurin.

7.0 Aikin da ya Rataya a Wuyan Hukuma

Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi Hukumar Ilmi a kowace ƙaramar hukuma, ƙarƙashin hukumar ilmin firamare ta jiha. Wannan hukuma ce mafi kusa da malami, kuma a wurare da dama ta hannunta ake tsara jarrabawar ƙarshen zango ta makarantun yankin. Idan takardarta ta fito da kuskure, kuskuren ya shiga kowane aji a rana ɗaya. Idan ta fito daidai, ita ma gyaran ya game ko'ina.

Abin da ake bukata daga gare ta bai taka kara ya karya ba. Sakataren Ilmi zai iya yanke cewa duk takardar Hausa da za ta fita daga ofishinsa da tsarin Unicode za a buga ta, da samfuri ɗaya da aka amince da shi. A taron hedimastoci ko bitar malamai, rabin sa'a ta isa a sa wa kowa allon Hausa a wayarsa, kuma samfuran haruffa ƙananan fayiloli ne da ake iya turawa daga na'ura zuwa na'ura ta Bluetooth ba tare da sayen data ba. Bugu da ƙari, kafin a ba wani shago aikin bugu, ya kamata a jarraba shi da jimla guda da ta tattara haruffan duka, manya da ƙanana, alal misali: "Ɓarawo ya ɗauki ƙwarya ya ɓuya, 'ya'yan Ɗanladi suka bi shi har Ƙofar Mata." Shagon da ya fito da ita daidai shi ya cancanci aikin. Daga ƙarshe, kada a gurza takarda ɗaruruwa sai wani malamin Hausa ya karanta kwafin farko ya sa hannu.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, uzurin da ake kawowa a zamanin tafireta, cewa na'ura ba ta da haruffan Hausa, ya ƙare. Haruffan suna da lambobinsu tabbatattu, allon buga su yana cikin wayar da ke aljihun malami, samfuran kuma kyauta ne. Abin da ya rage shi ne a sanar da malamai, hukuma kuma ta tsaya a kan tsari ɗaya. Ɗaliban sashen Hausa, waɗanda da yawansu aji za su shiga bayan kammala karatu, su ya fi kamata su fara da kansu, tun daga takardun jinga da kundayen da suke miƙa wa malamansu.